Ciwon Da Hoto Bai Nuna Ba

Meram tana cikin juya tarwaɗa a kan ragar banda ciwon ya taso mata. Daga ƙasan cibiya ya fara, ta gefen hagu, kamar an kama hanjinta ana matsewa yadda ake matse wanki. Ta saki sandar juyi, ta durƙusa a gindin murhu, ta dafe ciki da hannu biyu. Hayaƙi yana shiga idonta, amma ko kau da kai ta kasa yi.

"An fara," in ji Sabuwa, matar yayanta, daga bakin ɗaki. "Shi wannan ciwo ba ya tashi sai an kawo kifi."

Meram ta jira har murɗar ta ɗan sake ta, sannan ta miƙe tana dafa bango, ta ɗauki sandarta.

Tun daminar bara take haka, wato daminar da atuni ya ratsa unguwannin bakin kogi a Gashuwa, ya tafi da mijinta Modu, ita kuma ya bar ta da ranta. Gudawar jinin ta tsaya, amma ciwon ciki bai tsaya ba. Da ta gama takaba ta dawo gidan yayanta Saleh, dillalin bandar kifi. Shi yake saye daga hannun masunta, a gasa a cikin gida, a jera a kwali, a kai Nguru jirgin ƙasa ya wuce da shi Kudu. Kafin zuwanta mata biyu ne 'yan aiki suke masa banda. Makon da ta sauka ya sallame su.

Mahaifiyarsu, Ya Gaji, tana zaune a inuwar darbejiya da carbi a hannu, ta ga duk abin da ya faru.

"Zawarci ne ke damunta," ta ce wa Sabuwa, da muryar da ta san Meram za ta ji. "Ranar da ta samu miji za ki nemi ciwon ki rasa. Mu da muka yi haihuwa a bakin kogi, washegari muka koma kamun kifi, wa muka yi wa kuka?"

Da Saleh ya dawo daga kasuwa, Meram ta kai masa ruwa, ta durƙusa daga gefe.

"Yaya, cikin nan ya hana ni sakat. Ko tuwo na ci, kamar na haɗiyi garwashi."

"An ba ki saiwa, an ba ki rubutu, an kai ki wajen mai allura. Me kuma ya rage?"

"Na ji mata suna cewa akwai wani likita da ya zo Nguru daga Maiduguri. Wai yana neman mutanen da atuni ya bar musu ciwon ciki."

Saleh ya ajiye moɗa, ya dube ta tun daga sama har ƙasa.

"To. Jibi zan kai kaya tasha. Ki shirya mu je a duba ki, kowa ya huta. Amma in aka duba aka ce babu komai, kada in ƙara jin maganar nan a gidana."

A asibitin Nguru aka zaunar da ita a benci tare da wasu masu jira. Kusa da ita akwai wani Bafulatani makiyayi, Bappayo, wanda ya taso tun daga Machina. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, amma yana zaune a duƙe, hannunsa a kan mara, irin zaman da ita ma take yi. Ya ce mata shi ma tun atunin bara ne, ya kasa bin shanu nesa, 'yan uwansa sun ce lalaci ya koya. Meram ta daɗe tana kallonsa.

Aka ɗauki jininta, aka karɓi bayan gidanta, aka ba ta wani farin ruwa mai kauri ta sha, aka ɗauki hoton cikinta. Sai da rana ta karkata aka kira su ita da Saleh.

Likita Abbagana Babarbare ne, bai wuce shekara arba'in ba, Hausarsa da ɗan nauyin harshen Borno. Ya gaishe su, sannan ya juya wajen Meram.

"Faɗa mini yadda yake yi miki."

Ta dubi Saleh.

"Ke nake tambaya," in ji likita. "Cikinki ne."

Tunda ciwon ya fara babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya. Ta fara magana a hankali, daga baya bakinta ya buɗe. Ta faɗi yadda yake murɗawa bayan cin abinci, da yadda ciki yake kumbura da yamma ya saɓe da safe, da yadda wani lokaci gudawa take yi, wani lokaci kuma ta yi kwanaki ba ta zaga ba. Ta ce yaji yana tayar da shi, ɗaukar kaya mai nauyi yana tayar da shi, ko tsawa aka yi mata sai ta ji shi ya motsa. Likita yana saurare, bai katse ta ba.

"Jininki lafiya," ya ce. "Babu tsutsa, ƙwayar atunin ta tafi. Hoton ma bai nuna ƙari ko miki ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Saleh, ya fara gyara hula zai tashi.

"Zauna, Malam, ban gama ba. Ciwon nan gaskiya ne." Ya ɗora hannu a kan nasa cikin. "Hanji yana da jijiyoyi masu yawa a jikin bangonsa, su ne suke kai wa ƙwaƙwalwa labarin abin da ke faruwa a ciki. In cuta irin atuni ta shiga, sojojin jiki sukan taru a wurin su yaƙe ta. Ga yawancin mutane, in cuta ta tafi sojojin sukan watse. Ga wasu kuwa, muna zaton ba sa watsewa. Suna nan maƙale a gefen jijiyoyin, suna zubo wani sinadari mai tsokanar su. Masu bincike sun ga irin wannan kusanci a madubin likita. Kin san fatar da wuta ta ƙona, yadda ko zane ya goge ta sai kin zabura? Haka jijiyoyin hanjinki suka zama. Loma ɗaya ko 'yar iska, abin da wani ba zai ji ba, ke zai zo miki kamar wuƙa."

Hawaye suka zubo wa Meram. Ta sa gefen mayafi ta rufe fuska.

"Ba mu gama tabbatar da wannan ba," in ji likita. "Shi ya sa nake bin mutane irinki, ina so in ga abin da ke tayar da shi da abin da ke kwantar da shi. Kuma hanyar nan ba ta hawa kaɗai ba ce. Yadda ciki yake aika labari sama, haka kai yake aikowa ƙasa. Fargaba da ɓacin rai suna ƙara wa jijiyoyin zafi."

"Ato," in ji Saleh. "Ashe a kai abin yake."

"Ban ce haka ba."

"Yana kisa?"

"Shi wannan ba ya kisa. Amma yana hana mutum rayuwa. A rage mata aikin wuta da ɗaukar kaya, a rage yaji, a kawo ta duk wata. Kuma ka ji wannan da kyau: in zazzaɓi ya kama ta, ko ta fara amai, ko cikin ya yi tauri, to wani abu ne daban. A kawo ta a ranar."

Ya ba ta wasu ƙananan ƙwayoyi masu sassauta murɗa.

Suna shiga gida da magariba, Ya Gaji ta tambaya, "Me suka ce?"

"An auna jini, an ɗauki hoto, babu komai," in ji Saleh yana cire takalmi. "Likita da bakinsa ya ce ba ya kisa. Ya ce tunani ne."

"Yaya, ba haka ya ce ba. Ya ce jijiyoyin hanji ne. Iya, har namiji na gani da irin ciwon, makiyayi..."

"Ni da ke, wa ya fi jin maganar likita?" in ji Saleh.



Ƙwayoyin sun taimaka. Kwanakin da take shan su tana iya cin tuwo ta tashi ba ta naɗe ba. Da suka ƙare, wata ya zagayo, ta tuna wa Saleh. Ya ce kaya sun yi yawa. Wata na gaba ya ce hanya ta lalace da ruwa. Daga nan ya ce shi ba zai bar wani ya mai da ƙanwarsa abin gwaji ba, tunda likitan da kansa ya ce bai gama sanin abin ba.

Daminar 1988 ta zo da ruwa mai yawa. Kogi ya cika ya malale fadamu, tsofaffi suna cewa rabon da su ga irinsa tun kafin fari. Da ruwa ya fara janyewa, kifi ya yi ta shigowa gidan Saleh a kwanduna, tarwaɗa da karfasa da gargaza. Ya ƙara murhu na biyu, sannan na uku. Bai ƙara hannu ba. Meram ce mai fasa kifi, ita ce mai wanki, ita ce mai ɗauko itace, ita ce mai tsayuwa a hayaƙi tun hantsi har rana ta faɗi. Sabuwa tana da goyo, girki kawai take yi, kuma miyarta ba ta rabuwa da barkono, domin haka maigida yake so.

Wata rana Meram ta roƙe ta ta ɗebe mata miya kafin a zuba yaji.

"Tukunya biyu zan riƙa ɗorawa saboda ke? Ba don ba na so ba, Meram. In maigida ya ji, ni zai yi wa faɗa, ya ce ni nake ɗaure miki gindi."

Sai Meram ta rage cin abinci. Wuyanta ya zama siriri, ƙasusuwan kafaɗarta suka fito. Cikin kuwa kullum da yamma sai ya kumbura ya yi tozo a ƙarƙashin zane. Sabuwa ce ta fara lura. Ta raɗa wa Ya Gaji, Ya Gaji ta raɗa wa Saleh.

Da safe aka kira Meram ɗakin tsohuwa. Ta tarar da ungozomar unguwa a zaune, Saleh kuma yana tsaye a waje, bayansa ga ƙofa.

"Kwanta," in ji Ya Gaji.

"Iya, me na yi?"

"Mace ba miji, jiki yana ramewa, ciki yana tasowa, ba ta son warin miya. Ni yarinya ce? Masunta nawa ne suke shigowa gidan nan da kwando?"

Meram ta kwanta. Ungozoma ta kwance mata zane, ta danna nan ta danna can, kowace dannawa sai Meram ta ciji leɓe. Matar ta daɗe tana lalube, sannan ta tashi ta goge hannu.

"Babu komai a nan sai iska. Yarinyar nan ba ta da lafiya, Ya Gaji. Ku kai ta asibiti."

"An kai," in ji Saleh daga waje. "Su ma iskar suka gani."

Ba wanda ya ce mata yi haƙuri. Ya Gaji ta ce uwa dole ta bincika. Sabuwa ta ce ita abin da ta gani ta faɗa. Saleh ya ce wuta tana mutuwa a murhu na biyu. Kafin azahar maganar ta zaga unguwa, kuma abin da ya zaga ba shi ne abin da ungozoma ta faɗa ba.

Daga wannan rana Meram ba ta ƙara cewa cikinta yana ciwo ba. In ya murɗe ta, sai ta zaga bayan tarin itace ta durƙusa inda ba mai ganinta, ta cusa gefen zane a baki har ya lafa. Ta koyi ɗaure ciki da tsumma tamau don kada ya fito. Mutanen gida suka ce ka gani, da aka daina kula ta ai ta warke.

Wata ranar kasuwar Gashuwa, farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Likita Abbagana ne, yana bin gidajen waɗanda suka daina zuwa. Saleh ya tarbe shi da fara'a, ya shimfiɗa masa darduma a zaure, ya aika aka damo fura. Tsakanin zauren da murhun banda katanga ɗaya ce, kuma ba ta da tsawo. Meram ta gane muryar tun daga sallama.

"Ina mara lafiyata? Na daɗe ban gan ta ba."

"Ai ta warke, Likita, sai godiya. Maganinka ya yi. Yanzu haka tana Yusufari wajen dangi."

"Ta warke gaba ɗaya? Ba murɗa, ba kumburi?"

"Ko kaɗan. Ta yi ƙiba ma."

"To madalla. Da na so in gan ta, domin in ta warke ina son in san yadda aka yi, ko zai amfani sauran. Akwai wani makiyayi da muka samu sauƙinsa da sabon magani, na zo mata da shi."

Meram ta ajiye sandar juyi. Ta goge hannu a zane, ta gyara ɗankwali, ta nufi ƙofar zaure. Sai ta bi ta gaban darbejiya. Ya Gaji ta miƙa hannu ta kama gefen zanenta.

"Ina za ki?"

"Iya, likitan ne."

"Na ji. Yayanki ya ce kina Yusufari. Za ki fita ki mai da shi maƙaryaci a gaban baƙo? Mutumin da ya ɗauke ki lokacin da ba ki da inda za ki? Bayan abin da ake faɗa a kanki a unguwa, kuma ki fita wajen namiji a zaure?"

Hannun tsohuwar ba shi da ƙarfi. Da Meram ta fizge, da ta wuce. Ta tsaya tana kallon labulen zana da ya raba ta da zauren, tana jin likita yana shan fura yana yaba ta. Sannan ta juya ta koma wajen wuta. Tana nan tsaye ta ji motar ta tashi.

Da sanyi ya shigo, wani abu sabo ya same ta. Ciwon kai ne ya fara, da kasala, sannan zazzaɓi mai hawa da yamma, kullum ya fi na jiya. Harshenta ya bushe ya yi fari. Ciwon cikin ma ya sauya wuri, ya koma dama, kuma ba ya lafawa kamar wancan. Ta san wannan ba wanda ta saba da shi ba ne. Ta tuna abin da likita ya faɗa. Sau da dama ta nufi inda Saleh yake ɗaure kwalaye, in ta isa sai ta tambaye shi ko a ƙaro itace.

Sabuwa ce ta taɓa hannunta wajen karɓar ƙwarya, ta zabura.

"Meram, jikinki kamar garwashi."

"Wuta ce. Tun safe nake gabanta."

Sabuwa ta dube ta, ta dubi idanunta da suka faɗa. Ta san ba wuta ba ce. Da yamma, tana zuba wa Saleh ruwan wanke hannu, ta ce, "Maigida, anya Meram ba zazzaɓi take yi ba?"

"Ta faɗa miki?"

"A'a."

"To. Wanda ba shi da lafiya ai shi yake faɗa. Zazzaɓin sanyi ne, kowa yana yi. Bari mu fitar da kayan nan, in bai sake ta ba sai a duba."

Sabuwa ba ta ƙara ba. In Meram ta kwanta, ta san a kan wa murhu uku za su faɗo.

Ya Gaji kuwa ta ce datti ne ya taru a cikin, wanki yake so. Ta jiƙa saiwa da kanwa, mai ƙarfi, irin wadda ake ba ƙato. Ta tsaya a kan Meram har ta shanye. Yinin ranar Meram tana hanyar bayan gida, tana dawowa tana dafa katanga, tana komawa gaban wuta.

Washegari da hantsi, warin ƙuna ya cika gidan. Saleh ya fito daga zaure a guje.

"Meram! Kifi yana ƙonewa, kina ina?"

Ya fara janye ragar daga wuta, yana ƙona yatsu yana zagi. Sai da ya sauke ta sannan ya ga ƙafafunta a bayan tarin itace. Tana kwance a gefe ɗaya, gwiwoyi a ƙirji, gefen zane a bakinta. Sabuwa ta kwance tsumman da ta ɗaure ciki da shi, ta taɓa. Cikin ya yi tauri kamar allo. Meram ta yi wata ƙara da ba su taɓa ji daga bakinta ba.

"Maigida, a kai ta asibiti yanzu. Ga shi nan kusa."

"In an kai ta nan ma Nguru za su tura mu. Motar kaya za ta tashi da la'asar, sai a tafi da ita gaba ɗaya."

"La'asar?"

"Kina so in bar kayan mutane a ƙasa? Likita ya ce ba ya kisa. A ba ta ruwa."

Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa. Ta yi amai kore har sau da dama. Ƙudaje suka bar kwandunan kifi suka dawo kanta, Sabuwa tana kora da mafici, tana kallon rana. A ƙofar gida ana ta loda akori-kura, Saleh yana faɗa da masu lodi a kan yadda suke jera kwali. Da aka gama, aka buɗe mata wuri tsakanin kwalaye, aka kwantar da ita, Sabuwa ta hau da goyonta ta tallafe mata kai. Duk ramin da motar ta faɗa tsakanin Gashuwa da Nguru, sai Meram ta damƙe hannun Sabuwa. Daga baya ta daina damƙewa.

Likita Abbagana yana shirin tashi daga aiki aka shigo da ita. Ya duba fuskar, ya sake dubawa, sannan ya ɗaga kai ya kalli Saleh.

"Wannan ce take Yusufari? Wannan ce ta yi ƙiba?"

Saleh ya buɗe baki, likita bai jira ba. Ya taɓa cikin, ya kira ma'aikata, aka tura ta ɗakin tiyata.

Da ya fito, ya tarar da Saleh a benci. Bai zauna ba.

"Taifod ne. Ya ci bangon hanjin har ya huda, ƙazanta ta watsu a ciki. Na ɗinke, na wanke, amma an makara ƙwarai. Tun yaushe take zazzaɓi?"

"Wallahi, Likita, ba ta faɗa ba."

"Zazzaɓin da ya kai ga huda hanji ba na jiya ba ne. Da an kawo ta a farkonsa, ƙwaya kawai za ta sha ta tashi."

Fuskar Saleh ta ɗan saki, kamar wanda ya tsinci abin da ya ɓace masa.

"To ashe ba wancan ciwon ba ne. Wani ne daban. Ka ga, wancan ɗin kai da kanka ka ce ba ya kisa."

"Wancan bai kashe ta ba," in ji likita. "Shi kuka hana ta faɗa, har ta daina faɗin komai."

Meram ta farfaɗo da safe, na ɗan lokaci. Sabuwa ce a gefen gadon. Ta motsa leɓe, Sabuwa ta sunkuya ta kai kunne.

"An sauke kifin daga wuta?"

"An sauke, Meram."

"Ki ce wa Yaya ba da gangan na bari ya ƙone ba."

Sabuwa ta kifa kai a kan ƙarfen gado ta fashe da kuka. Kafin azahar Meram ta cika.

A zaman makoki gidan ya cika har waje. Masunta sun zo, dillalai sun zo, matan unguwa da suka yi yawo da zancen ciki su ma sun zo, sun zauna a tabarmar farko. Kowa ya shigo abu ɗaya yake faɗa: Allah ya ji ƙan Meram, mace mai haƙuri, ba ka taɓa jin kukanta. Ya Gaji tana jan carbi tana cewa haka ta tarbiyyantar da ita. Saleh yana karɓar gaisuwa a zaure, yana ce wa duk wanda ya tambaya, "Ciwon kwana ɗaya ne. Da safe ta faɗi, muka garzaya da ita har Nguru. Kwana ne ya ƙare."

Jama'a suka ce lallai ya yi ƙoƙari, ba kowane ɗan'uwa ne zai kai har Nguru ba.

Babu wanda ya ɗaga wa Meram hannu a gidan nan, babu wanda ya hana ta tuwo ko ya kore ta. In ka tambayi kowannensu, zai rantse maka bai yi mata komai ba, kuma zai yi barcinsa. Abin da suka yi shi ne, ta ce tana jin ciwo suka ce ba ta ji, ta sake faɗa suka nemo mata sunan da ya fi ciwon muni, har ta gane cewa shiru ya fi mata sauƙi. Wannan shirun da suka ɗora mata, shi suka zauna suna yabo a kan tabarma, suna kiransa haƙuri.

Kogi bai san an yi mutuwa ba. Ana share makoki kwanduna suka ci gaba da shigowa, murhu uku suna tsaye babu wuta. Sabuwa ta gwada yini ɗaya, goyonta ya shaƙi hayaƙi ya yi ta tari, ta ce ba za ta iya ba. Saleh ya zauna da Ya Gaji a gindin darbejiya suka yi shawara. Tsohuwa ta tuna cewa a Jakusko akwai Fanne, 'yar ƙanin mahaifin su Saleh, wadda mijinta ya rasu kwanan baya, ba ta da mai riƙe ta.

"Zumunci ne," in ji Saleh. "Bai kamata a bar ta a can ita kaɗai ba."

Ranar kasuwa Fanne ta sauka daga akori-kura da ƙullin kayanta a ka. Sabuwa ta kai ta ɗakin da aka share, sannan ta zaga da ita ta nuna mata inda itace yake, da inda ake wanke kifi. Ba ta iya haɗa ido da ita ba. Da suka zo wucewa, Ya Gaji ta ɗaga kai ta ƙare wa baƙuwar kallo.

"Ke dai lafiyarki ƙalau ko? Ba wani ciwo?"

Fanne ta dubi tsohuwar, ta dubi murhun nan uku da ke jiranta.

"Lafiya lau, Iya," ta ce da sauri.